Kawu da Kwalin Wata

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu a gidansa da ke Jega ranar wata Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan la'asar. Ina cikin aji a Aliero, inda nake koyar da 'yan aji huɗu na firamare, maigidana ya zo ya tsaya bakin taga. Da na ga bai kashe mashin ba, na san abin da ya kawo shi.

Kwana uku na zaman makoki na ga mutanen da ban taɓa sanin Kawu ya sani ba. Direbobin manyan motocin da ke ɗaukar albasa suka jera motocinsu a bakin titi suka shigo lungu a ƙasa. Wani dattijo daga cikinsu ya ce wa maza a waje, rubutun da Kawu ya yi masa a goshin mota ya ga inji biyu sun mutu, shi bai koɗe ba. Wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta shigo cikin gida ta zauna kusa da matar Kawu, wadda muke kira Gwaggo, ta ce shi ya zana mata gyaɗa a murfin bokiti don yaran makaranta su riƙa gane nata daga nesa. Ta yi ta maimaita cewa bai ma bari ta gode masa da kyau ba. Mahaifiyata, Inna, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Abin da take ta faɗa wa duk wanda ya durƙusa gabanta shi ne, "Yau ba ni da wanda za shi yi min hwaɗa."

A rana ta uku wasu iyaye mata daga Gumbin Kure suka zo a mota ɗaya. Babu dangi tsakaninmu. Ɗaya ta ce, "Mun ji an ce mai kwalin wata ya rasu." Da wannan sunan suka san shi. Daga nan na ƙudura cewa zan rubuta abin da na sani game da shi, domin ni ce na ja shi cikin aikin kwalin nan, kuma ni ce na taɓa gaya masa maganar da har yau nake jin kunyarta.

Sana'ar Kawu zane da rubutu. Allon shago, gefen mota, bangon makaranta, ƙofar kemis. Boko bai wuce aji uku ba, amma hannunsa bai taɓa karkata harafi ba. Yana da ɗabi'ar da ke ba masu kawo aiki haushi: ba ya buɗe gwangwanin fenti sai ya je ya ga inda allon zai tsaya. Zai tsallaka titi ya duba, ya dawo ya tsuguna ya duba, wani lokaci ya hau mashin a wuce da shi da gudu don ya ga ko mai wucewa zai iya karantawa. Tambayarsa kullum ɗaya ce: "Wa za shi duba abin ga? Tsaye shike ko zaune?" Yana wanke buroshi da kananzir ya jera su a kan tsumma daga babba zuwa ƙarami, kuma ko Gwaggo ba ta isa ta taɓa su ba. Goro yake ci, fari kawai. In ya ga allon da wani ya rubuta da kuskure, sai ya kau da kai kamar ya ga tsiraici.

Aikin kwalin ya samo asali ne daga ajina. Muna darasin rana da wata da duniyoyin da ke zagaya rana, na ga yaran sun zuba mini ido kawai. Washegari na zo da tsohon kwali da almakashi da gam, muka yanka muka haɗa kumbo mai zuwa sama, muka rataye duniyoyi da zare. Ranar har aka kaɗa ƙararrawar tashi babu wanda ya motsa. Malaman wasu makarantu suka ji, suka fara aiko mini in yi musu. Maigidana ya ba da shawarar mu shirya abin sosai: a buga sassan a kan kwali mai kauri, a haɗa da gam da zare da fensir masu launi, a zuba a akwati ɗaya da yaro zai ɗauka ya haɗa da hannunsa. Sassan ciki ba su ba ni wuya ba. Akwatin waje da sunan da za a sa masa su suka tsaya mini.

Na je Birnin Kebbi wurin wani mai zane da kwamfuta. Ya yi mini abin da na ga ya yi kyau ƙwarai: baƙin akwati mai sheƙi, taurari sun watsu, ɗan sama jannati Bature yana shawagi, suna da Turanci da jajayen haruffa. Aka buga mini 'yan kaɗan na gwaji. Da murnata na biya ta Jega don Kawu ya gani ya sa albarka.

Na same shi a rumfarsa ta ƙofar gida. Ya karɓa, ya juya shi, ya shinshina, ya gwada buɗewa da babban yatsa. Bai ce ya yi kyau ba, bai ce bai yi ba. Ya tashi ya ajiye shi a ƙasa tsakiyar lungu, ya dawo ya zauna.

Na ce, "Kawu, ƙasa fa?"

Ya ce, "Zauna, Malama. Masu shi na tahe."

Lokacin tashi daga makaranta ne. Yara suka riƙa wucewa, suna gaishe shi, suna kewaye akwatin. Babu wanda ya tsaya. Can wata yarinya ta ɗauka ta kawo masa da hannu biyu, ta ce, "Baba, maganin sauronka ya hwaɗi."

Kawu ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Ni kuwa raina ya ɓaci. Da ya nutsu ya ce, "Ɗiyata, wanga akwati na manya na. Baƙi shike kamar batir. Wanda ke bisa nai ba su san shi ba, sunan ba su iya kiran shi. Kuma dubi nan." Ya nuna mini ƙananan wayoyin da aka ɗinke bakin kwalin da su. "Wanga za shi huda yatsa."

Na ce masana ne suka yi, haka ake yi a ko'ina a duniya. Ya ce shi bai san ko'ina ba, lungun nan ya sani. Sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Kawu, wannan fa ilimin kimiyya ne, ba bayan motar albasa ba."

Ya miƙo mini akwatin, ya ɗauki buroshi ya ci gaba da gogewa da tsumma, alhali a wanke yake. Na yi sallama, ya amsa ba tare da ya ɗago ba.

Sati uku ban taka gidan ba. A cikinsu na kai akwatunan gwajin wata makaranta a Maiyama. Yara biyu suka yanke a yatsa wajen buɗewa. Wasu suka yage kwalin gaba ɗaya, sassan suka zube suka ɓace. Waɗanda suka kai gida kuwa, iyaye mata suka ɗora a kan bango inda hannun yaro ba ya kai, don sun ɗauka wani abu ne mai guba. Na dawo gida jikina a sanyaye. Inna ta ji labarin abin da na gaya wa yayanta daga bakin Gwaggo. Ta aiko a kira ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Da bayan motar albasa anka saya miki littahin da kinka zama malama. Tashi ki tahi."

Na tafi. Na durƙusa a rumfar na fara ba da haƙuri, ya katse ni. "Kin ci abinci?" Na ce na ci. Ya ce, "To ɗauko min abin da ke bayan ƙyaure."

Kwalaye ne guda shida, kowanne da irin zanensa. Ashe tun washegarin ranar da na ɓata masa rai ya fara. Ya bi shaguna ya roƙi kwalayen sabulu da na taliya, ya yanka, ya naɗe, ya yi fenti. Kullum da rana sai ya ajiye biyu a lungu ya zauna ya ga wanda yara za su fara ɗauka. Baƙi da ja sun faɗi tun ranar farko. Ruwan ɗorawa da shuɗi mai haske su suka ci. Kumbon da ya zana ba siriri ba ne irin na hotuna. Mai ƙaton ciki ne da tsini a sama. Na ce, "Kawu, wannan ai albasa ce." Ya ce, "Awo. Akwai ɗan Aliero da bai san albasa ba? Shi fara da abin da ya sani, sannan ki kai shi inda bai sani ba." A tagar kumbon ya sa yarinya da ɗankwalinta a cikin hular gilashi, da yaro a gefenta yana nuna wata.

Babu waya ko ɗaya a jiki. Ya yi wa murfin harshe da ke shiga wata 'yar tsaga, yadda mai shekara biyar zai buɗe ya rufe. Ya auna faɗin akwatin da jakar makarantar jikarsa, ya rage shi har ya shiga. Cikin murfin ya zana fili mai da'ira inda kumbo zai tsaya in an gama haɗa shi, don kada a yar da kwalin. Bayanin yadda ake haɗawa kuwa ya ce a cire dogon rubutun da na yi. Ya zana hannaye: hannu na naɗewa, hannu na shafa gam, hannu na ɗaure zare. "Uwar da ba ta yi boko ba," in ji shi, "kada ɗanta shi tambaye ta ta ji kunya."

Suna ya fi komai ja mana lokaci. Na zo da jerin sunaye a takarda, masu daɗi a ganina. Ya sa na karanta masa su duka, yana taunar goro. Da na gama ya ce in ninke takardar. Ya ba yaran lungu akwati ɗaya suka tafi da shi, ya ce mu jira. Bayan kwana biyu suka dawo su huɗu, babbarsu ta ce, "Baba, akwai sauran kwalin wata?" Ya dube ni. "Kin ji. Sun raɗa mai suna ba su gayyace mu ba." Haka aka rubuta a gaba da manyan haruffa masu kumburi kamar gurasa: Kwalin Wata.

Aka buga aka rarraba wa makarantu. Na ɗauka an gama, sai wata matsala ta taso daga Gumbin Kure. Shugaban makarantar can ya kira ni ya ce iyaye sun dawo da akwatunan. Malamin makarantar allon garin, dattijo ne da ake jin maganarsa, ya nuna rashin jin daɗi, kuma in ya ce a'a babu gidan da abin zai shiga. Ni na so in rubuta masa takarda in yi bayani. Kawu ya ce takarda ba ta gaisuwa. Ya sa babbar rigarsa, maigidana ya samo mota, muka tafi mu uku.

Muka tarar da malamin a zaurensa. Ni na zauna daga bakin ƙofa. Sun daɗe suna gaisawa, suka taɓo damina da farashin taki, kafin Kawu ya ciro akwatin ya ajiye a kan buzu. Ya ce, "Allah gafarta Malam, an ce akwai abin da ba ka so. Na zo in ji da kunnena."

Malam ya ce abu biyu ne. Na farko, yana tsoron a koya wa yara duba da taurari. Kawu ya juyo gare ni ya ce in faɗi abin da ke ciki. Na ce babu sa'a babu rashin sa'a a ciki, sai yadda wata ke ƙaruwa yana raguwa, da dalilin dare da rana, da nisan da ke tsakaninmu da su. Malam ya yi mini tambayoyi masu wuya game da tsayuwar wata, na amsa iya sanina, inda ban sani ba na ce ban sani ba. Ya gyaɗa kai. Ya ce na biyu shi ne fuskokin nan da aka zana. Ba ya so almajiransa su shigo da su inda ake karatu.

Na san Kawu ya kwashe kwanaki a kan fuskar yarinyar nan. Na zaci zai yi musu. Sai ya kalli akwatin, ya ce, "Malam, in na ɗauke huskar, ka yarda?" Malam ya ce ya yarda. Kawu ya ce, "To ni ma ina da roƙo. Ka rubuta muna sunan da ajami da hannunka, a buga shi ƙarƙashin na boko. Ɗiyan da ke wurinka su ma su karanta." Malam ya yi murmushi, ya jawo tawada da alƙalami.

A hanyar dawowa na ce, "Kawu, yanzu hula ce za ta zauna babu kowa a ciki?" Ya ce in bar shi ya yi tunani. Bayan kwana huɗu ya aiko a kira ni. Ya yanke da'ira daga takardar nan mai sheƙi da ke cikin gwangwanin madara, ya goge ta, ya manna a inda fuskar yarinyar take. Yaron da ke gefenta kuwa ya sake zana shi ya ba da baya yana nuna wata. Ya ce, "Duba." Na duba, na ga kaina a cikin hular 'yan sama jannati, da ɗankwalina da tabarau. Mai buga mana kwalayen ya ce injinsa ba ya yin wannan. Saboda haka da hannu ake manna kowace ɗaya, Gwaggo da Inna da matan lungu suke yi a tsakar gida bayan sun sauke tukunya. Ranar da muka mayar da akwatunan Gumbin Kure, yara suka riƙa ture juna kowa na son ya leƙa. Wata yarinya ta ruga gida tana kiran uwarta ta zo ta gan ta a sama.

A wajen manna takardun nan ne na gano abin da Kawu ya ɓoye. Na shiga rumfarsa neman almakashi, na ga kowane gwangwanin fenti an ɗaura masa zare a wuya, wani ƙulli ɗaya, wani biyu, wani uku. Na tambayi Gwaggo. Ta ja ni ɗaki ta ce, ya fi shekara ba ya raba shuɗi da kore, yanar ido tana ta rufe masa gani. Ita ke ɗaura zaren, ita ke gaya masa in layi ya kauce. An ba shi ranar da za a yi masa aikin ido a asibiti tun kafin in dawo ba da haƙuri, ya ɗaga, ya sake ɗagawa, wai in an rufe masa ido da bandeji wa zai ƙarasa kwalin yara.

Na fito na same shi ina hawaye. Na ce me ya sa bai faɗa mini ba. Ya ce, "Da kin sani da kin amshe aikin don tausayi. Ni kuwa shekara arba'in ina rubuta ma manya abin da za su saya. Ba a taɓa ba ni aikin yara ba sai wanga." Muka kai shi aka yi aikin. Ido ɗaya ya buɗe, ɗayan an makara. Bai taɓa bari na ɗora wa kaina laifi a gabansa ba, amma na ɗora.

Bai ƙara riƙe buroshi sosai ba bayan nan. Ciwon ƙirji ya kama shi da damina, ya yi ta fama, yau sauƙi gobe kwanciya. Ganina da shi na ƙarshe ranar Juma'a ce da yamma, kwana huɗu kafin rasuwarsa. An shimfiɗa masa tabarma a inuwar tsakar gida. Na ba shi labarin wata makaranta a Liba da ta aiko neman akwatuna, ya ji daɗi. Ya sa Gwaggo ta je ta ɗebo masa ruwa, da ta ba da baya sai ya matso da kansa kusa da ni ya rage murya.

"Ɗiyata, in tambaye ki wani abu, tsakaninki da Allah."

Na ce, "Tambayi, Kawu."

"Mutanen ga, da gaske sun tahi wata? Sun taka shi da ƙahwa?"

Na tsaya ina kallonsa. Na ce, "Kawu, duk aikin nan da ka yi, ashe ba ka yarda ba?"

Ya ce, "Ban ce ƙarya ta ba. Ni dai ban gani ba, kuma ban san wanda ya gani ba."

Na ce sun je, akwai hotuna, har duwatsu sun ɗebo sun dawo da su. Na ce, "To me ya sa ka ba da idonka a kan abin da kake shakka?"

Ya ce, "Ke kin yi karatu, kin ce akwai. In babu, yara sun yi wasa sun ji daɗi, ba a yi hasara ba. In kuwa akwai wurin zuwa, ban so a tashi tahiya a ce ɗiyanmu ba su ji labari ba."

Gwaggo ta dawo da ruwan, ya karɓa ya sha, ya ce mata, "Malama ta ce sun tahi." Gwaggo ta ce, "Su wa?" Ya ce, "Bari, magana ta tsakanina da ɗiyata."

Allah Ya gafarta wa Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka masa kabarinsa, Ya ba Gwaggo da Inna haƙurin rashinsa. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa shi a addu'a.